Awon Ƙarshe a Wayar Baba

"Ba zan yi miki dole ba, Auta. Ki buɗe kunnenki da kyau, ba zan yi miki dole ba. Amma direban motar asibitin nan, muddin ni ne babba a gidan nan, ba zan ba shi ke ba."

Yaya ne ke wannan magana, yana tsaye a bakin ƙofar falo, tef ɗin awo rataye a wuyansa yadda ya baro shago. Auta na zaune a hannun kujera, idanu sun yi jawur. Tun da Baba ya rasu wata uku da suka wuce ake wannan magana, ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

"Yaya, Baba ya ba shi fa."

"Wa ya ji?"

"Ya auna shi!"

"Wa ya gani?"

Nan ne maganar take tsayawa kullum.

Baba tela ne, telan da ya ci sunansa, kuma mutum ne da magana ke yi wa nauyi a baki. 'Ya'ya mata biyu ya aurar kafin Auta, ba wanda ya taɓa jin ya ce wa saurayi "na ba ka." Ranar da ransa ya kwanta da mutum, sai dai ya ɗauko tef ya ce, "Tashi tsaye, yaro." Ya auna shi tsaf, ya sallame shi. Shi ke nan, an ba ka. Rigar ango shi zai yanka da hannunsa, da farin yadi daga gida. Mazan yayyen Auta har yau suna ba da labarin ranar da tef ya hau kafaɗarsu.

To, shi wannan direban, wanda Yaya ya raɗa wa Mai Jiniya don raini har sunan ya bi shi, ya rantse cewa Baba ya auna shi a gadon asibiti, ana saura 'yan kwanaki ya cika. Su biyu ne kawai a ɗakin. Da idon Baba ya yi rauni ya daina rubuta awo, sai dai ya riƙe a ka, in mutum ya fita ya danna waya ya faɗa mata, ta naɗi muryarsa. Ke nan in da gaske an yi awon, yana cikin wayar. Wayar kuwa a kulle take da lamba shida, kuma mai lambar ya tafi da abarsa.

"Ƙarya yake yi," in ji Yaya. "Ya ga babu mai ƙaryata shi. Mutumin da ba mu san kowa nasa ba, aikinsa ke nan wiii-wiii a titi, shi za ki kawo mana? Ga Mai Kemis, tare muka tashi, kin san gidansu, kin san halinsa. Shekara nawa yana binki?"

"Ni ban ce ya bi ni ba!"

"To ki zauna. Ki yi ta zama har furfura ta fito miki, ni ba ruwana." Ya gyara tef ɗin wuyansa. "Na aika a kira min Mai Jiniyar naki, da la'asar zai zo in sallame shi a gaban Gwaggo. Daga nan Mai Kemis zai kai ni wurin mai gyaran waya, a wanke wayar nan a huta. Na gaji da ganin Umma tana kwana da ita a ƙarƙashin filo."

Auta ta miƙe zumbur. "A wanke? Yadda ka wanke allon?"

Yaya ya sa kai ya fita, don an taɓa masa inda yake ciwo.

Allo shi ne sunan da Baba ya sa wa tabulet ɗinsa, wadda yake nuna wa masu kawo ɗinki samfurin kaya a ciki. Ita ma a kulle ya bar ta. Bayan rasuwa Yaya da yayyen Auta suka taru a kanta, wannan ya sa shekarar haihuwa, wannan ya sa lambar shago, wancan ya sa ƙarshen lambar waya, har ta yi fushi ta daina karɓa. Yaya ya ɗauke ta bai yi shawara da kowa ba, ya kai wa mai gyara. Aka dawo da ita fes kamar daga kanti. Hotunan ɗinkin Baba na shekara da shekaru, hotunansa da jikoki, komai ya tafi. Ranar Yaya ya rufe kansa a shago, ya fito da ido kumbure yana cewa mura ce.

Ita ma wayar ta sha gwaje-gwajen nan kafin Umma ta ƙwace ta. Yanzu abin da take nunawa a fuskarta shi ne saura gwaji biyu. In an kuskure duka biyun, da kanta za ta goge komai.

Auta ta shige ɗakinta ta danna kiran Mai Jiniya. Bugu ɗaya ya ɗauka, tana jin hayaniyar harabar asibiti a bayansa. A can suka haɗu. Ita a ɗakin gwajin jini take aiki, shi kuma kullum yana shigowa a guje da marasa lafiya, har ranar da ya shigo da mahaifinta.

"Yau za su goge ta," ta faɗa.

Ya ce, "Kar ki yi kuka, don Allah. In kina kuka ba na iya tuƙi."

"Ka sake faɗa min yadda aka yi."

"Na faɗa miki ya fi sau nawa."

"Ka sake!"

Ya sauke numfashi. "Na shiga gaishe shi, ke kin sauka karɓo magani. Ya ce in ɗaga masa filo. Sai na ga ya zaro tef daga ƙarƙashi, ya ce, 'Tashi tsaye, yaro.' Wallahi ni na ɗauka zafin ciwo ne. Na durƙusa masa ya kai kafaɗata, hannunsa yana karkarwa. Da ya gama ya ce, 'Je ka.' Sai da na ba ki labari kika fasa ihu na san abin da aka yi min."

Ta yi dariya cikin kuka, majina da hawaye duk a haɗe.

"Auta, takardar canjin wurin aikina ta fito," ya ce a hankali. "Ƙarshen wata zan tafi, kuma garin da nisa. In yayanki ya ce a'a yau, ba zan raba ki da 'yan'uwanki ba. Ba zan iya ba. Zan tafi, kuma ba zan ƙara kiranki ba, don in na ji muryarki zan dawo."

"Kar ka ƙara faɗar haka!"

"Gaskiya ce."

"Na ce kar ka ƙara! Ka zo da la'asar, ka sa riga mai kyau. Ni na san abin da zan yi."

Ƙarya take yi, ba ta san komai ba. Ta dai kashe wayar ta nufi ɗakin Umma.

Umma na zaune a bakin gado, wayar Baba a tafin hannunta, jone da caji. Tun ranar rasuwa ba ta taɓa barin ta mutu ba. Auta ta zube a gabanta ta kifa kai a cinyarta.

"Umma, ki ce wani abu mana. Ke kaɗai ce ba ki ce komai ba."

"Me zan ce, Auta? Ban gani ba, ban ji ba. In babanku ya ba shi, ni wace ce da zan hana? In kuma bai ba shi ba, ba zan saɓa wa yayanki a kan maganar baƙo ba."

"Lamba shida ce kawai tsakanina da shi, Umma. Mun gwada haihuwar kowa, mun gwada lambar shago. Mutumin da bai san ranar haihuwar kansa ba! Shi in ba awo ba, wace lamba ce take zama a kansa?"

Hannun Umma da ke shafa kanta ya tsaya cak.

Auta ta ɗago. "Umma?"

Sai ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Umma, mai jikoki bakwai, ta ja gefen mayafi ta rufe baki tana sunkuyar da kai kamar yarinya.

"Umma, kin san wani abu!"

"Ni ban san lamba ba. Ya dai taɓa faɗa min wata magana, lokacin da ya sayi wayar. Na ce masa, kai da mantuwa, ka sa lamba har shida? Ya ce wannan ba zai manta ba, awon rigar farko ce da ya ɗinka min bayan an kawo ni."

Auta ta yi tsalle har sai da ta bugi ƙofar durowa. "Umma! Wata uku kina zaune da wannan magana?"

"Wa ya tambaye ni? Kun taru kuna ta danne-danne, kowa ya ɗauka ni ban san komai a waya ba. Kuma in tsaya gaban ɗana da surukaina in ce awon jikina ne? Haba, Auta."

"To nawa ne awon?"

"Ina zan sani? Shi ya auna, ni idona a rufe yake don kunya."

Auta ta dafe kai. Sai kuma ta sauke hannun a hankali, ta kalli saman durowa, inda tsohon akwatin Umma yake zaune.

"Rigar tana nan?"

Umma ta ƙara jan mayafi.

Kafin ka ce me, Auta ta hau kujera ta sauko da akwatin, ƙura na tashi tana atishawa. Aka yi ta fito da kaya, zannuwa, tsofaffin hotuna, takalmin jariri ƙafa ɗaya. Can ƙasa ga ta nan a naɗe cikin leda, shuɗiyar riga mai ƙananan furanni, ɗinkin bai saki ko zare ɗaya ba.

Hayaniyar ce ta jawo Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ba a yin abu a gidan nan ba da ita ba. Ta leƙo, ta ga rigar, ta tafa hannu.

"La ila! Wannan rigar tana raye? Ke, da kin ga uwarki a cikinta, kamar a hure ta ta faɗi!"

Auta ta zayyana mata komai a tsaye. Gwaggo ta riƙe haɓa. "Ka ji munafuncin yayan nan nawa! Mutum shiru-shiru ashe soyayya ce fal cikinsa. Maza ɗauko tef!"

Suna cikin haka aka yi sallama a falo. La'asar ta yi ba su sani ba.

Auta ta fito rungume da riga, waya a hannu, Gwaggo na biye, Umma can baya tana jan ƙafa. Yaya ya hakimce a kujerar Baba. A damansa Mai Kemis ne, ya sha turare har ana jin ɗacinsa a maƙoshi, yana kaɗa makullin mota a yatsa. Mai Jiniya kuwa a ƙasa ya zauna kusa da ƙofa, ya sa farar rigarsa mai kyau, kansa a sunkuye. Auta ta kalle shi sau ɗaya zuciyarta ta karye, ya zube kamar wanda ya tashi daga jinya.

"Mene ne wannan kuma?" in ji Yaya.

"Lambar wayar Baba," ta ce, ta shimfiɗa rigar a kan tebur.

Gwaggo ce ta yi bayani, da ƙari da gishiri, Umma na maƙale a bayan labule tana cewa, "Ya isa haka, ya isa." Yaya ya taɓe baki.

"Tatsuniya. Ku gama ku ba ni wayar, mai gyara yana rufewa da wuri."

Mai Kemis ya yi murmushi. "Ranki ya daɗe, ki daina wahalar da kanki. Gobe in kawo wa Umma sabuwa dal a kwali, wadda ta fi wannan."

"Da muryar Baba a ciki?" ta tambaye shi. Ya daina kaɗa makullin.

Ta ɗauko tsohon tef na Umma. 'Yar tela ce, ta san yadda Baba yake jero awo, kafaɗa, ƙirji, ƙugu, bai taɓa sauya tsarin ba. Ta ja tef daga kafaɗa zuwa kafaɗa.

"Sha huɗu."

Ta auna faɗin ƙirjin rigar ta ninka. "Talatin da shida."

Ta sauko ƙugu. "Talatin."

"Lamba shida cif!" in ji Gwaggo tana rawar kafaɗa. "Danna, 'yar nan, danna!"

Yaya ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya rufe ya kau da kai.

Auta ta danna ɗaya, huɗu, uku, shida, uku, sifili. Wayar ta yi ɗan girgiza a hannunta. Jan rubutu ya fito. Saura gwaji ɗaya.

"Innalillahi!" Gwaggo ta zauna daɓas.

Auta ta ji falon yana juyawa. Ta kalli rigar, ta kalli tef. "Ko na yi kuskure ne? Bari in sake. Ko da ƙugu ya fara? Ko tsawo ne na ukun?"

Ta sake aunawa, lambobin nan dai suka sake fitowa. Hawaye suka ɓalle mata, tana sharewa da bayan hannu suna ƙara zuwa.

"Auta, bar shi," in ji Mai Jiniya daga inda yake. Karo na farko ke nan da ya yi magana. "Kar ki goge wa Umma muryar mijinta saboda ni. Ajiye wayar. Yaya, na ji kiranka, kuma na san abin da za ka faɗa. Ba sai ka faɗa ba."

Ya yunƙura zai tashi.

"Ba inda za ka!" ta daka masa tsawa. "Zan juya lambar. Ƙugu, ƙirji, kafaɗa. Ko ta buɗe ko ta goge, yau dai a yi ta ta ƙare!"

Ta danna uku. Ta danna sifili.

"Ke! Ajiye wayar nan!"

Tsawar Yaya ce, har labule sai da ya motsa. Ya taso ya fizge wayar daga hannunta, ya goge abin da ta danna, yana huci.

"Shekara nawa kika yi kina shara a shago, ba abin da ya shiga kanki? Wa ya ce miki awon riga shi ne awon mutum? In aka yanka riga daidai jiki, ta ina mai ita za ta yi numfashi?"

Auta ta zuba masa ido, baki buɗe.

Yaya ya tsaya da waya a hannu. Sai a lokacin ya gane ramin da ya faɗa. Da ya yi shiru na minti ɗaya, da wayar ta goge kanta, da magana ta mutu, ba mai cewa laifinsa ne. Mai Kemis yana ta yi masa alama da ido. Amma shekara ashirin Yaya ya yi a gefen teburin Baba, kuma ya riga ya ga abin da allo ya zama a hannunsa.

"Yaya," Auta ta ce da wata 'yar murya, "nawa yake ƙarawa?"

Bai kalle ta ba. Ya ja rigar gabansa, ya juya cikinta, ya bi ɗinkin da babban yatsa.

"Kafaɗa ba ya ƙara komai. Ƙirji inci biyu. Ƙugu ma biyu ne. Amma in amarya ce, huɗu yake sakewa. Ya ce a bar wa baƙo wuri."

"Kai ne baƙon ai!" in ji Gwaggo. "Wata goma tsakani ka iso!"

Daga bayan labule aka ji Umma ta ce, "Na shiga uku." Har Mai Jiniya sai da ya danne dariya.

"Sha huɗu, talatin da huɗu, ashirin da shida," in ji Yaya. Ya miƙa wa Auta wayar. "Ungo. Ni hannuna ba shi da sa'a a kayan Baba."

Ta karɓa da hannu biyu. Ta yi bismilla a fili, Gwaggo na taya ta. Ɗaya, huɗu. Uku, huɗu. Biyu. Ta rufe ido ta danna shida.

Ba ta buɗe idon ba sai da ta ji ihun Gwaggo.

"Ta buɗe! Wallahi ta buɗe!"

Auta ta yi tsalle ta rungume Gwaggo, ta sake ta, ta rungume Umma da ta fito daga labule ba ta sani ba, ta dawo ta kama hannun Yaya tana jijjigawa, shi kuma yana cewa, "Sake ni, ke, sake ni," amma bai ƙwace ba. Ga Baba nan a fuskar wayar, yana dariya da jika a kafaɗa.

Ta shiga inda yake ajiye murya. Jere suke reras, na ƙarshe a sama. Ta ƙure ƙara ta danna.

Aka ji shiru, aka ji tari. Sai muryar Baba ta cika falon, a gajiye, amma tasa ce sak.

"Kafaɗa sha tara. Ƙirji arba'in. Ƙugu talatin da shida. Hannu, dama ashirin da biyar, hagu ashirin da huɗu da rabi. Wuya sha shida." Ya sake tari. "Wannan na gida ne. Farin yadi. Babba ne zai yanka, ni hannuna ya gaji."

Shi ke nan, ta tsaya.

Umma ta sulale ƙasa ta rufe fuska. Gwaggo na kuka tana cewa, "Allah sarki yayana, Allah sarki." Shi kuwa Babba, wato Yaya, ya juya wa mutane baya yana kallon bango, kafaɗunsa na motsi.

Mai Kemis ne ya yi gyaran murya.

"To, Allah ya ji ƙan Baba. Amma fa ban ji an ambaci suna ba. Ni ma nan Baba ya sha auna ni, kuma na je asibitin ba sau ɗaya ba."

Auta ta juyo kamar za ta cinye shi ɗanye. "Kai ko kunya..."

"Bar shi," in ji Gwaggo tana fyace hanci. "Ai ba faɗa. Ga awo, ga tef, ga tela. A auna su duka biyun!"

Yaya ya share fuska da hannun riga, ya juyo, ya zare tef daga wuyansa. Ya yafito abokinsa. Mai Kemis ya miƙe yana gyara tsayuwa.

"Kafaɗa," in ji Yaya. Ya duba, ya sake dubawa. "Sha tara."

Mai Kemis ya waiwayo ya yi wa Auta murmushi.

"Ƙirji arba'in da huɗu."

"Na ɗan yi ƙiba ne kwanan nan," in ji Mai Kemis, yana shanye ciki har fuskarsa ta canza.

"Saki numfashinka kar ka suma," in ji Gwaggo.

Yaya ya ja tef daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, dama da hagu. "Ashirin da uku. Ashirin da uku." Ya dafa shi. "Abokina, tsoka tana ƙaruwa, ƙashi ba ya ƙaruwa. Zauna."

Mai Kemis bai zauna ba. Ya duba agogo, ya ce ya tuna ya bar kemis ba kowa, ya fita ko sallamar kirki babu.

Yaya ya daɗe yana kallon mutumin da ke zaune a bakin ƙofa. Sannan ya ce, can ƙasan maƙoshi, "Kai. Taso."

Mai Jiniya ya taso. Auta ta damƙe hannun Umma.

"Kafaɗa sha tara."

"Ɗaya!" in ji Gwaggo.

"Hannun dama, ashirin da biyar." Ya zagaya. Ya ja tef, ya tsaya, ya matso da ido. "Hagu, ashirin da huɗu da rabi. Me ya sami hannun nan?"

"Karaya ce, Yaya, tun ina yaro. Ni kaina ban san ya gajarce ba."

Auta ta fara dariya tana kuka, ba ta ma san wanne take yi ba. Wuya ya fito sha shida daidai. Yaya ya zagaya tef a ƙirji, ya duba. Ya sauke shi ƙugu, ya ƙara dubawa, fuskar nan a murtuke.

"Ƙirji talatin da takwas. Ƙugu talatin da biyu. Bai yi daidai ba."

Dariyar Auta ta ɗauke ɗif. "Yaya, don girman Allah..."

"Ke, yi min shiru, ina aiki." Ya dubi Mai Jiniya sama da ƙasa. "Kai ba ka cin abinci ne?"

"Tun da aka fara maganar nan ba ya wucewa, Yaya."

Yaya ya naɗe tef a yatsunsa a hankali, ya tura a aljihu. Idonsa ya kaɗa, amma muryar nan tana nan da kaurinta.

"To ka ji da kyau. A kan awon Baba zan yanka, ba zan rage ko rabin inci ba. Kai ka san yadda za ka yi ka cika rigar kafin ranar."